Ƙaramin Gari da Jirgin Sama: Tarihin Wata Doguwar Gardama a Amurka

A arewa maso gabashin jihar Montana, cikin ƙasar Amurka, akwai wani gari da ake kira Glasgow. Mutanensa dubu uku ne da 'yan kai, ƙasarsu kuwa ta noman alkama ce da kiwon shanu. Garin yana da asibiti, amma wanda ciwonsa ya fi ƙarfin likitocin wurin sai a tura shi Billings, birnin da ya fi kowane girma a jihar. Tsakanin garuruwan biyu akwai fiye da kilomita 400. A mota tafiyar awa huɗu da rabi ce idan hanya tana da kyau, da hunturu kuwa dusar ƙanƙara takan mai da ita abin tsoro. A jirgin sama tafiyar ba ta kai awa ɗaya da rabi ba.

A shekarar 2013 wani kamfani mai suna Cape Air ya fara kai da kawowa tsakanin Glasgow da Billings da ƙaramin jirgi mai kujerun fasinja tara. Kuɗin da fasinjoji suke biya bai isa ya riƙe jirgin ba, gwamnatin tarayya ce take cika ragowar. Ba Glasgow kaɗai ke cikin wannan hali ba. Shekara tamanin ke nan Amurkawa suna gardama a kan tambaya guda: ko ƙaramin gari zai iya riƙe jirgin haya da kuɗin mutanensa, in kuwa ba zai iya ba, wa ya kamata ya biya?

Lissafin kujera

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tasha ya san dokar direba: mota ba ta tashi sai ta cika. Fasinja yakan zauna tun hantsi har azahar, ɗan kamasho yana ta kiran mutane, direba kuwa ba ya asara, gama nauyin jiran a kan fasinja yake. Jirgin haya ba shi da wannan dama. An riga an buga lokacin tashinsa, an sayar da tikiti bisa ga lokacin nan, wani jirgi kuma yana jiran fasinjojin a babban birni. Ko mutum biyu ne suka zo, dole ya tashi. Kujerar da ta tafi ba kowa ta zama asara ke nan, ba a iya ajiye ta a sayar gobe.

Abu na biyu shi ne, yawancin kuɗin tafiya ba ya raguwa don jirgi ƙarami ne. Ana biyan matuƙi da mataimakinsa, ana biyan makaniki da masu karɓar kaya a ƙasa, ana biyan inshora. Jirgi mai kujera 150 yakan raba albashin matuƙa biyu a kan mutum 150, mai kujera 19 kuwa a kan mutum 19 zai raba. Gajeriyar tafiya ma tana da nata nauyi, domin jirgi ya fi shan mai sa'ad da yake tashi yana hawa sama, yawan sauka da tashi kuma shi ke cin tayoyi da birki da inji. Saboda haka kujera mafi tsada a sararin sama ita ce ta ƙaramin jirgi a gajeriyar hanya.

Abu na uku mota ce. Idan tikiti ya yi tsada a ƙaramin gari, mai mota yakan tuƙa zuwa babban filin jirgi inda tikiti yake da araha. Fasinjoji su ragu, kamfani ya rage yawan tashi, waɗanda suka rage su ga lokacin bai dace da su ba, su ma su koma mota. Duk tarihin da ke biye a kan abubuwan nan uku yake juyawa.

Sa'ad da gwamnati take riƙe da linzami

A 1938 Majalisar Dokokin Amurka ta sa harkar jiragen haya a ƙarƙashin gwamnati, daga 1940 kuwa wata hukuma da ake taƙaita sunanta da CAB ce take kula da ita. Hukumar ce take faɗin kamfanin da zai bi wace hanya da kuɗin da zai karɓa. Kamfani ba ya shiga gari sai da izininta, ba ya kuma fita sai da izininta. Ta haka aka riƙa haɗa wa manyan kamfanoni hanyoyi masu riba da marasa riba, ribar babban birni tana rufe asarar ƙaramin gari.

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar wa Amurka abubuwa masu yawa: filayen jirgi da soja suka gina, da dubban samari da suka koyi tuƙi, da jiragen DC-3 waɗanda aka ƙera fiye da dubu goma don yaƙi, aka kuma sayar da su da araha bayansa. Kowane gari ya so jirgi ya sauka a cikinsa. A 1944 hukumar ta yarda a gwada sabon irin kamfani wanda aikinsa shi ne ya ɗebo mutane daga ƙananan garuruwa ya kai su manyan birane, gwamnati kuma ta biya shi tallafi. Na farko ya fara aiki a jihar Texas a watan Agusta 1945, sunansa Essair, daga baya ya koma Pioneer.

Gwaji aka ce, izinin kuwa na 'yan shekaru ne. An sa rai cewa mutane za su saba da jirgi, kamfanonin su tsaya da ƙafafunsu, tallafi ya ƙare. Amma garin da ya ɗanɗana jirgi ba ya so a raba shi da shi, ɗan majalisar garin ma haka. A 1955 Majalisa ta umarta a ba kamfanonin izini na dindindin. Su goma sha uku ne a lokacin, cikinsu akwai Allegheny, da Piedmont, da Ozark, da Mohawk, da North Central, da Frontier wanda ya riƙa zuwa garuruwan Montana. Tallafin da aka ce zai ƙare sai ƙaruwa ya yi, har a farkon shekarun 1960 ya haura dala miliyan 60 a shekara.

Jirage sun girma, garuruwa ba su girma ba

Abu biyu suka taru suka ɓata shirin. Na fari, a 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin mota masu haɗa jihohi, tsawonsu wajen kilomita 66,000. Tafiyar da take cin yini guda ta koma ta 'yan awoyi. Garin da yake kusa da babban birni ya daina bukatar jirgi, ko da yake bai daina so ba.

Na biyu, DC-3 ya tsufa, kamfanonin kuwa ba su musanya shi da jirgi mai girmansa ba. DC-3 yana ɗaukar mutum ashirin da 'yan kai. Waɗanda suka gaje shi, irin su Convair da F-27, suna ɗaukar arba'in zuwa hamsin. Daga 1965 kuma kamfanonin suka fara sayen jiragen jet, waɗanda suke bukatar dogon titi da fasinjoji masu yawa. Kamfanin da ya ci bashi ya sayi jet, idonsa kan babban birni zai koma. Suka riƙa roƙon hukuma ta ba su hanyoyi masu riba, ta kuma sauke musu ƙananan garuruwa. Hukumar ma, domin ta rage tallafi, ta kafa ƙa'ida a 1958 cewa garin da ba ya ba da aƙalla fasinja biyar a rana za a iya cire shi.

Sa'an nan kamfanonin suka shiga haɗiye juna. Frontier ya haɗiye Central a 1967, uku na yamma suka haɗu suka zama Air West a 1968, Allegheny ya ɗauki Lake Central a 1968 da Mohawk a 1972. Waɗanda aka haifa domin ƙananan garuruwa suka zama manya, garuruwa fiye da ɗari kuwa suka rasa jiragensu tun gwamnati tana riƙe da linzami. Wani masanin tattalin arziki, George Eads, ya rubuta littafi a kan gwajin a 1972, inda ya nuna cewa an kashe kuɗi mai yawa wajen tura manyan jirage inda ƙanana suka isa.

Dabarar Hagerstown

Duk wannan lokaci akwai wasu da suke aiki a gefe ba tare da tallafi ba. Tun 1952 hukumar ta ƙyale masu ƙananan jirage, waɗanda nauyinsu bai wuce kilo 5,670 ba, su yi haya ba sai sun nemi izinin hanya ko na farashi ba. Da fari kamar tasi suke, sai an kira su. Daga baya wasunsu suka fara buga jadawali. A tsakiyar shekarun 1960 aka sami jiragen da suka dace da su, wato Twin Otter na Kanada mai kujera 19 wanda ba ya bukatar dogon titi, da Beech 99 mai kujera 15. Lambar 19 tana da dalili: doka ta ce jirgin da ya ɗauki fasinja ashirin ko fiye dole ya sami ma'aikaci mai kula da su a ciki, sai masu ƙera jirage suka tsaya a 19.

A garin Hagerstown na jihar Maryland aka fara haɗa ƙarami da babba. Abin mamaki, a garin nan kamfanin Fairchild yake ƙera F-27, amma garin ba shi da fasinjojin da za su cika babban jirgi. Allegheny, wanda hukuma ta ɗora wa garin, yana ta asara. A 1967 ya yi yarjejeniya da Richard Henson, tsohon mai gwada jiragen Fairchild wanda yake da ƙaramin kamfaninsa. Henson zai tashi da ƙananan jiragensa, amma da sunan Allegheny a jikinsu. Allegheny zai sa tafiyar cikin jadawalinsa, ya sayar da tikitin, ya kuma kai kayan fasinja har inda za shi. In Henson ya gaza, nauyin garin yana nan a wuyan Allegheny.

Dabarar ta yi aiki. Ƙaramin jirgi mai tashi sau da yawa a rana ya fi amfani ga ɗan kasuwa bisa ga babba mai zuwa a lokacin da bai dace ba, gama mutum zai iya tafiya da safe ya komo da yamma. Fasinjoji suka ƙaru, Allegheny ya yaɗa tsarin zuwa wasu garuruwa. A 1969 hukuma ta ba irin kamfanonin nan matsayi nasu, a 1972 kuma ta yarda musu su yi aiki da jirage masu kujera har 30. Wannan shi ne lokacin da ya fi kama da cewa an sami amsa: a daidaita girman jirgi da girman gari.

Dokar 1978

A shekarun 1970 ra'ayi ya juya. Masana suka lura cewa a cikin jihohin California da Texas, inda ikon hukumar tarayya bai kai ba, tikiti ya fi araha ƙwarai. Sanata Edward Kennedy ya yi zaman bincike a kan haka a 1975. A 1977 Shugaba Jimmy Carter ya naɗa Alfred Kahn shugaban hukumar, mutumin da ya gaskata cewa kasuwa ta fi ofis sanin farashi. Ran 24 ga Oktoba 1978 Carter ya sa hannu a dokar da ta sakar wa kamfanonin jirage mara. Kowane kamfani ya tafi inda ya ga dama, ya karɓi abin da ya ga dama. Hukumar kanta an rufe ta a ƙarshen 1984.

'Yan majalisar jihohin karkara sun ga abin da zai biyo baya. Idan kamfani yana da ikon fita, ƙaramin gari ne zai fara bari. Domin a sami ƙuri'unsu aka sa wani sashe cikin dokar, wanda ya yi alkawari cewa kowane garin da yake cikin takardar izinin wani kamfani a ranar nan, su fiye da 700, ba za a bar shi ba jirgi ba har shekara goma. Shirin nan shi ake taƙaita sunansa da EAS, ma'anarsa hidimar jirgi wadda ba a iya yi ba tare da ita ba.

Ga yadda aka tsara shi. Kamfani na ƙarshe da yake so ya bar gari sai ya ba da sanarwar kwana 90. Gwamnati tana da iko ta hana shi tafiya har a sami magaji, tana biyan asararsa. Sa'an nan a yi shela, kamfanoni su kawo tayinsu, kowa ya faɗi jirgin da zai sa da tallafin da yake nema. A saurari ra'ayin garin, a zaɓi ɗaya, a ba shi kwangila ta 'yan shekaru. Ana biyansa bisa ga tashin da ya yi, ko jirgin ya cika ko bai cika ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, haka nan wanda ya karɓi tallafi dole ya tashi ko da mutum ɗaya ne.

Manyan kamfanoni kuwa sun fita kamar yadda aka zata, ƙanana suka shiga gurbinsu. Kowane babban kamfani ya zaɓi birni ɗaya ko biyu ya mai da su mahaɗa, inda jiragensa suke taruwa su yi musayar fasinjoji. Mahaɗa tana bukatar masu kawo mata mutane, sai aka koma ga dabarar Hagerstown. A 1984 kamfanonin American da Delta suka fara sa sunansu a jikin ƙananan jiragen wasu, sauran suka bi. Garuruwa masu matsakaicin girma sun amfana. Waɗanda suke can ƙasa kuwa tikitinsu ya yi tsada, har Sanata Robert Byrd na West Virginia ya riƙa faɗa a fili cewa ya yi nadamar ƙuri'ar da ya jefa wa dokar.

Alkawarin shekara goma

Shekara goma ba ta cika ba sai da Majalisa ta ƙara wata goma a 1987, ta kuma ce a ba kowane gari aƙalla zuwa da komowa biyu a rana, kwana shida a mako. A 1996 aka cire wa'adin gaba ɗaya. Aka kuma samo wa shirin wata hanyar kuɗi: jiragen da suke ratsa sararin Amurka ba tare da sun sauka ba suna biyan haraji, daga cikinsa aka ware dala miliyan 50 a shekara. Gwaji na biyu ke nan da aka yi wa wa'adi ya zama na dindindin.

Masu riƙe da jakar gwamnati sun yi ta ƙoƙarin sa iyaka. Daga 1990 aka hana tallafi ga garin da bai kai kilomita 113 daga babban filin jirgi ba, aka kuma ce tallafin kada ya wuce dala 200 a kan kowane fasinja sai dai in garin ya fi kilomita 338 nisa. Duk da haka kuɗin ya ci gaba da hawa, domin abubuwan da suke ƙara tsadar ƙaramin jirgi sun yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya.

Kiyaye rai da tsadarsa

A ƙarshen 1994 jirage biyu na ƙananan hanyoyi suka faɗi cikin mako shida, ɗaya a Indiana, ɗaya a North Carolina. Jama'a suka tambaya don me ƙaramin jirgi yake bin doka mai sauƙi, babba yana bin mai tsanani, alhali ran fasinja ɗaya ne. A 1995 aka yanke cewa duk jirgin jadawali mai kujera goma ko fiye zai bi dokar manyan jirage, aka fara aiki da ita a 1997. Hukunci ne mai kyau ga fasinja, amma ya ɗora wa jirgi mai kujera 19 kayan da ya fi ƙarfinsa. A wannan lokaci kuma ƙaramin jet mai kujera 50, wanda kamfanin Comair ya fara aiki da shi a Amurka a 1993, ya janye hankalin kamfanoni zuwa hanyoyi masu tsawo. Masu ƙera jirage suka daina yin mai kujera 19 ɗaya bayan ɗaya.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka tsananta bincike a filayen jirgi, jiran layi ya cinye lokacin da gajeriyar tafiya take ceto. A 2008 gangar mai ta kai dala 147, kamfanoni uku masu hidimar ƙananan garuruwa, Big Sky da Skyway da Air Midwest, suka daina tashi cikin 'yan watanni.

Ran 12 ga Fabrairu 2009 jirgin kamfanin Colgan ya faɗi kusa da Buffalo a jihar New York, mutum 50 suka mutu. Bincike ya tona yadda matuƙan ƙananan kamfanoni suke zama, da ɗan albashi da gajiya. Iyalan mamatan suka tsaya wa Majalisa har ta yi doka a 2010, daga 2013 kuwa aka ce mataimakin matuƙi sai ya tara awa 1,500 a sama kafin a ɗauke shi, maimakon 250 na dā. An yi gardama a kan wannan, domin matuƙan jirgin da ya faɗi dukansu biyu sun riga sun wuce awa 1,500. Amma dokar ta zauna. Matuƙa suka yi ƙaranci, albashinsu ya tashi, manyan kamfanoni suka kwashe su.

Kamfanin Great Lakes na jihar Wyoming, wanda ya taɓa riƙe garuruwan shirin masu yawa, ya yi wani abu da ya nuna inda lissafi ya kai. Ya cire kujeru goma daga jiragensa masu kujera 19, domin su zama masu tara su fita daga ƙarƙashin sabuwar dokar. Jirgin yana shan mansa kamar dā, abin sayarwa kuwa ya ragu da fiye da rabi. A watan Maris 2018 kamfanin ya rufe. A watan Maris 2022 SkyWest, babba cikin kamfanonin ƙananan hanyoyi, ya ba da sanarwar barin garuruwa 29 saboda rashin matuƙa, gwamnati ta hana shi tafiya sai an sami magaji.

Abin da ya sami Montana

Garuruwa bakwai na gabashi da tsakiyar Montana sun ga dukan matakan nan da idonsu: Glasgow, Glendive, Havre, Lewistown, Miles City, Sidney da Wolf Point. Frontier ya bar su bayan dokar 1978, Big Sky ya gaje shi ya riƙe su shekaru da yawa da tallafi. Sa'ad da Big Sky ya rufe a watan Maris 2008, garuruwan suka yi watanni ba jirgi, ko da yake alkawarin gwamnati yana nan a takarda. Kamfanoni biyu suka zo suka wuce.

A 2011 gardamar shirin ta shiga cikin abubuwan da suka hana Majalisa sabunta dokar hukumar kula da jiragen sama, har ma'aikata wajen 4,000 suka zauna a gida mako biyu. Aka sasanta da sabuwar iyaka: duk garin da tallafinsa ya wuce dala 1,000 a kan fasinja ɗaya za a cire shi. A 2012 aka ƙara cewa gari ya ba da aƙalla fasinja goma a rana in ba ya da nisa ƙwarai, aka kuma rufe ƙofa ga sababbin garuruwa, ban da na Alaska da Hawaii. A 2013 Lewistown da Miles City suka fita daga shirin. Biyar ɗin da suka rage aka ba Cape Air, wanda ya zo da jirgi mai kujera tara, wato girman da Henson ya fara da shi a Hagerstown shekara arba'in da shida kafin nan.

Wa zai biya?

A 2024 shirin yana riƙe da garuruwa fiye da 170, sama da kashi ɗaya cikin uku a Alaska, kuɗinsa kuwa ya haura dala miliyan 500 a shekara, wato fiye da ninki goma na abin da aka ware a 1996. Masu suka suna cewa ana karɓar harajin talaka a biya wa 'yan kasuwa kaɗan kuɗin jirgi, wasu garuruwan ma tafiyar awa biyu ce a mota zuwa babban fili. Masu kāre shirin suna cewa garin da ba jirgi, likita ba ya yarda ya zauna a cikinsa, masana'anta ba ta buɗe reshe, samari kuma su watse. Kowane ɓangare yana da garin da zai nuna a ce ya yi gaskiya.

A Alaska ba a cika yin gardamar ba, gama yawancin ƙauyukanta ba hanyar mota da ta kai su. Tun 1972 gidan waya yake biyan ƙananan jirage su kai abinci da kaya da sunan wasiƙa, kuɗin nan ne kuma yake taimaka wa kujerar fasinja. Ƙasar Norwe ma, mai duwatsu da tsibirai, ta fara gina gajerun filaye a 1968, kamfanin Widerøe ya riƙa sauka a cikinsu da Twin Otter bisa ga tallafin gwamnati. A Afirka ta Yamma, kamfanin WAAC da aka kafa a 1946 ya fara da ƙananan jiragen Dove, gwamnatocin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya ne kuma suke cika asararsa. Dattawan da suka ga DC-3 ko F-27 suna sauka a garuruwansu, daga baya suka ga ciyawa ta rufe titin, sun san labarin nan ko ba su taɓa jin sunan Montana ba.

Shekara tamanin ɗin nan sun nuna cewa garuruwa iri uku ne. Akwai wanda yake da isassun matafiya, ya kuma yi nisa da babban fili, wannan yakan riƙe jirginsa da kansa muddin jirgin ya yi daidai da girmansa, an kuma haɗa shi da babban kamfani. Akwai wanda yake kusa da kyakkyawar hanya, wannan kome aka zuba masa mota ce za ta ci. Sa'an nan akwai ƙarami mai nisa irin Glasgow, wanda ba wata dabarar kasuwa da ta taɓa riƙe masa jirgi, sai wani ya cika kuɗin. A kan irin wannan gari tambayar ta wuce ta riba da asara, ta zama ko sauran 'yan ƙasa sun yarda su ɗauki nauyin 'yan'uwansu na nesa, har nawa kuma za su ɗauka. Amurkawa sun amsa da i a 1944, da 1955, da 1978, da 1987, da 1996, kowace shekara kuwa sa'ad da ake yin kasafin kuɗi sai a sāke yi musu tambayar.